Porsche 911: tsohuwa mai shan iska ko sabuwa mai shan ruwa, wacce za ka saya?

Duk wanda ya tashi neman Porsche 911 zai tarar shekara guda ta raba tarihinta gida biyu, wato 1998. Tun daga 1964 da aka fara sayar da ita har zuwa wannan shekarar, iska ce ke sanyaya injinta. Babu lagireto, babu ruwa, sai wata ƙatuwar fanka a saman inji da baƙin mai mai yawa yana zagayawa. Daga nan kamfanin ya koma ruwa kamar kowa. Sauran abubuwan ba su sauya ba: inji na can baya, bayan tayoyin baya, silinda shida a kwance uku hagu uku dama, makulli a hagun sitiyari, kuma har gobe a Zuffenhausen da ke birnin Stuttgart na Jamus ake haɗa ta. Amma wanda ya tuƙa ɓangarorin biyu ya san ba mota ɗaya ba ce. Ni ina ɓangaren iska, kuma a cikin zubin 911 daban-daban, da ake kiran kowanne da tasa lambar, 993 ce ta kwanta min a rai.

An fito da 993 a ƙarshen 1993, aka daina ta a 1998, ita ce autar masu shan iska. Abin da ya fifita ta a wurina yana ƙarƙashinta ne, inda ido ba ya kaiwa. Tsofaffin 911 sun yi suna da wani hali: ka shiga kwana da gudu, ka tsorata ka ɗage ƙafa daga totur, nauyin injin nan na baya sai ya juyo da gindin motar gaba. Mutane da yawa sun kwana a rami saboda haka. A 993 aka sake ƙafafun baya gaba ɗaya, aka ɗora su kan firam na alminiyam da hannuwa da dama masu riƙe taya a kan hanyarta. Halin bai ɓace ba, har yanzu kana jin nauyin a bayanka, amma motar ta daina neman ranka kan kuskure ƙarami.

Injinta lita 3.6 ne, ƙarfin doki 272 a na farko, ya koma 285 daga samfurin 1996 da aka ƙara mata tsarin shaƙar iska mai suna Varioram. Giya shida gare ta, ita ce 911 ta gama-gari ta farko da ta samu haka. Bawul ɗinta suna daidaita kansu da matsin mai, ba kamar na magabatanta da dole bakanike ya riƙa buɗewa yana saitawa da hannu ba. Wannan kaɗai ya rage wa mai ita zirga-zirgar gareji sosai.

Sai abin da lamba ba ta iya faɗa. Ka ja ƙofarta ka rufe, ƙarar guda ce, gajera, kamar an rufe akwatin ƙarfe. Ka zauna, gilashin gaba na tsaye kusa da fuskarka, agogo biyar a jere, na juyin inji a tsakiya. Kuloci da birki daga ƙasa suka tsiro, ba a sama suke rataye ba, kuma sun ɗan karkata zuwa tsakiyar mota, sai ka yi kwanaki kafin ƙafarka ta saba. In inji ya ɗau zafi za ka ji ƙamshin mai kaɗan yana shigowa, ga shuuu ɗin fanka ya cuɗe da gurnanin salansa. Ko auna mai ma da nata salon: tana shan sama da lita 11, a tanki daban yake zama, kuma sai inji ya yi zafi yana aiki a wuri miƙaƙƙe sannan ma'aunin ke faɗin gaskiya. Wanda bai sani ba yakan auna a kashe, ya ga babu mai, ya cika fiye da kima, ya wayi gari mota na hayaƙi. Kuma ƙarama ce. Faɗinta bai kai mita 1.75 ba, nauyinta wajen kilo 1,370, don haka siririyar hanya ma tana ishe ta. Sitiyarin na gaya wa tafin hannunka duk abin da tayar gaba ta taka.

Ba ta rasa aibi ba. Tana ɗigar mai ta murafen bawul, hanyoyin da bawul ke bi suna cinyewa in ta yi nisa sai ta fara shan mai, ƙarfen da ke tare ƙofa yakan tsage daga jikin ginshiƙi har ka ji ƙas in ka buɗe, tsatsa na ɓuya ƙarƙashin robar gilashin gaba da na baya, sanyin esi kuwa kada ka sa rai da yawa. Waɗanda aka kai Amurka daga 1996 suna da ƙananan hanyoyin iska a kan inji da ke toshewa da baƙin hayaƙi su kunna fitilar gargaɗi. Duk waɗannan sanannu ne kuma suna gyaruwa. Babban aibinta kuɗi ne, don waɗanda aka ƙera ba su kai 70,000 ba, kuma kowa ya san ba za a ƙara ba.

Sauran masu shan iska: na kafin 1974 kayan masu tarawa ne, an yi su kafin a fara yi wa bodi rufin hana tsatsa a wajajen 1976, ka bar wa masu kuɗin walda. SC ta 1978 zuwa 1983 da Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989 motoci ne masu ƙarko, amma babu taimakon sitiyari babu ABS, kuma in za ka saya ka nemi ta 1987 zuwa sama mai akwatin giya G50, don wanda ya gabace shi, 915, sai da lallashi yake shiga. 964 kuwa, wadda ta zo a 1989, gwajin 993 ce kawai, ban ga dalilin tsayawa a kanta ba.

A ɓangaren ruwa, 996, ta farko a cikinsu, ita ce mafi araha, kuma da dalili. An ƙera ta da yawa, ta ɗauki fuskar Boxster, ƙaramar motar kamfanin, sannan injin Carrera ɗinta na da wani boris a sandar da ke juya sarƙoƙin bawul, wadda ake kira IMS. Ba kowanne ke lalacewa ba, amma in ya watse, inji ya tafi. Turbo da GT3 na wannan zamanin ba su da wannan matsala domin injinsu daga wani tushe daban yake, zanen Hans Mezger, injiniyan kamfanin. 997 ta farko, daga 2004, ta dawo da zagayayyun fitilu amma ta gaji damuwar boris, ga kuma kartar cikin silinda musamman a mai lita 3.8.

Gaskiya ɗaya ce, in mota guda za ka mallaka kuma kullum za ka hau ta, 997 ta biyu ce taka, wadda ta fito a 2008. Sabon inji ne, an cire sandar IMS gaba ɗaya, ƙarfin doki 345 ko 385, ana samunta da giyar hannu ko PDK mai sauya kanta, kuma ita ce ta ƙarshe mai sitiyarin mai. Esi na sanyi, birki na kamawa, ruwan sama ba ya ba ka tsoro. Daga 991 ta 2011 sitiyari ya koma na lantarki, mota ta ƙara tsawo, a 2015 aka sa wa Carrera turbo. 992 da ta biyo baya ta fi kowacce gudu, ta fi kowacce faɗi, ta haura kilo 1,500, kuma sai ka karya dokar hanya kafin ka ji tana wani aiki. Mai son sabuwa da garanti ya je ya saya, ba ya buƙatar shawarata.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. 911 ɗina ta farko Carrera 3.2 ce ta 1986, ja, tana sheƙi kamar ranar ta fito. Dillalin ya miƙo min littafin sabis cike da hatimi, maleji na nuna ƙasa da kilomita 100,000, ya ce mai ita dattijo ne da ba ya fita da ita sai ƙarshen mako. Na zagaya ta sau biyu, na tuƙa minti goma, na biya. Wata biyar bayan haka fenti ya kumbura a gindin ginshiƙin ƙofar direba, kamar ƙurji. Mai gyaran bodi ya sa ƙarfe ya kankara, fila ta ɓantaro, kaurinta ya kai ɗan yatsa, a ƙarƙashinta kuwa ƙarfen ya zama gari, yana zuba a ƙasa kamar ɓawon itace. Da muka ɗaga kafet ɗin but ɗin gaba muka tarar da layin walda daga wannan gefe zuwa wancan. An taɓa buge ta ta gaba, aka yanko hancin wata motar aka liƙa. Daren nan na ɗauko littafin sabis na duba a ƙarƙashin fitila. Shekara goma sha biyu na hatimi, tawada ɗaya, rubutun hannu ɗaya, ko dusashewa babu. Zama ɗaya aka yi aka cike shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin duk alamun suna nan a gabana ranar, robar kuloci ta cinye har ƙarfe, gefen kujerar direba ya lotse, amma sheƙin fenti ya rufe min ido.

Don haka kada ka yarda da maleji a tsohuwar 911. Akwai ɗan haƙorin roba a cikin agogon da ke karyewa da tsufa, lamba ta tsaya mota na ta tafiya. Wannan ya zama mafakar maha'inta, in ka kama su sai su ce ai agogon ne aka gyara. Abin dogaro rasit ne, na gareji daban-daban, masu kwanan wata da lambar kilomita da ke hawa a hankali. Hatimi kowa na iya sassaƙawa. Ka kira garejin da aka rubuta ka tambaya ko sun san motar.

Ka gwada lambar shasi da ke buge a cikin but ɗin gaba da ta takardu, ka shafa wurin da yatsa ka ji ko an yi walda a kewayensa. Akwai takardar da kamfani ke liƙawa a cikin murfin gaba mai ɗauke da lambar fenti da lambobin kayan da aka haɗa motar da su, kwafinta na cikin littafin sabis. In babu ta murfi, ka tambayi dalili, sau da yawa murfin ne aka sauya bayan haɗari. Ka duba lambar inji ma. Jabu sun fi yawa a inda kuɗi ya fi yawa: Carrera RS 2.7 ta 1973 guda 1,580 kacal aka ƙera, kuma an daɗe ana ɗaukar 911 ta gama-gari a sa mata fiffike da rubutun gefe a kira ta RS. Haka ake faɗaɗa wa Carrera ƙugu a manna mata tambarin Turbo ko na S. Kwaikwayo ba laifi ba ne in an faɗa maka, laifin shi ne a sayar maka da shi a kuɗin na asali. Irin waɗannan, kada ka biya sai ka ga takardar shaidar da kamfanin ke bayarwa kan lambar shasin.

Ka je da na'urar auna kaurin fenti, ka bi kowane ɓangare. Mayen ƙarfe ma na taimakawa a tsofaffin, inda ya ƙi kamawa akwai fila, amma daga 991 ba shi da amfani don yawancin bodin alminiyam ne. Ka nace a tayar maka da inji da sanyinsa, ka taɓa shi da hannu kafin a murza makulli. In ka iso ka tarar da zafi, ka ce za ka dawo gobe da sassafe. Injin da aka wanke tas ranar da za ka zo, ɗiga ake ɓoyewa. Ka sa bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya auna yoyon iska a kowace silinda.

Masu shan ruwa kuma kwamfutarsu na ba da shaida. Tana riƙe da adadin awannin da inji ya yi aiki da kuma duk lokacin da aka wuce da shi iyakar juyi. Ka raba kilomita da awanni, in lissafin ya nuna motar ta yi rayuwarta tana rarrafe kamar keke, an taɓa maleji. A 996 da 997 ta farko ka sa a zura kyamara cikin silinda, a yanka filtar mai a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, ka kuma lura ko bakin salansa ɗaya ya fi ɗaya baƙi. In aka ce maka an canza IMS, ka ce a nuna rasit. Na 2006 zuwa 2008 boris ɗinsu babba ne, ba ya fita sai an raba inji biyu, saboda haka wanda ya ce ya canza shi lokacin gyaran kuloci bai gaya maka gaskiya ba. Masu talla a intanet da hotuna masu kyau da farashi mai daɗi, waɗanda ke cewa ka turo kafin alƙalami don wani na hanya, kada ma ka amsa musu.

993 da nake hawa yanzu ta 1996 ce, giyar hannu. Kwana biyu ta yi a sama a garejin da ni na zaɓa kafin in biya, kuma mai ita bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya kawo jakar rasit mai kauri, wasu sun yi rawaya, wasu da ɗigon mai a jiki. An samu ƙofar hagu na ƙas, murfin bawul na dama na ɗiga, ƙofar dama kuma an taɓa sake mata fenti, abin da shi da kansa ya faɗa min tun a waya. Na rage kuɗin gyaran ukun, na biya sauran.