Kyamarar 4K a gilashin mota: ranar da na neme ta, a kashe na same ta

Tun farko ba don mota na sayi kyamarar ba. Irin 'yar ƙaramar nan ce da masu tseren babur da masu ninƙaya ke ɗaurawa a hular kwano ko a ƙirji, mai ɗaukar 4K. Tana ajiye a durowa ba ta tsinana mini komai, sai na ce me zai sa in sake kashe kuɗi a kan dashkam, wadda aka ƙera musamman don mota, alhali ga wadda ta fi ta kaifin ido? Na samo maƙalin roba mai kama gilashi, na jawo waya daga wurin cajin mota, shi ke nan.

Hoton rana kam babu magana. 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, ninki huɗu ke nan na 1080p ɗin da ƙananan dashkam da yawa ke ɗauka, kuma ido yana ganin bambancin. In ka tsayar da bidiyon a kwamfuta ka zuƙo shi, sai ka karanta lambar motar da ke can nesa, har da ƙananan rubutun allon hanya. Ko rami ka faɗa, hoton ba ya rawa. Na yi ta nuna wa abokai ina cika baki, har da ce musu masu sayen dashkam asarar kuɗi suke yi.

'Yan wahalhalun da ke ciki na shanye su. Ba ta kunna kanta, sai ka danna duk lokacin da ka tada mota. In ka yi fakin dole ka cire ta ka tafi da ita, don abu ne mai jan idon ɓarawo. Ga cin katin ajiyar bidiyo: a megabit 100 cikin daƙiƙa, awa ɗaya tana cinye kusan giga 45, katin giga 128 ba ya kai awa uku. Duk wannan na ce ba komai, ai hoton ya biya.

Sai ranar da abin ya faru. Da rana ce tsaka, cunkoso ya riƙe mu, rana tana dukan gilashin gaba kai tsaye. Muna shiga shataletale sai wata mota ta yanko daga gefe ta shigo layina, ta goge mini gaba, fitila ta fashe, fenti ya kwaile tun daga bamba har ƙofa. Mutumin ya fito yana ɗaga murya wai ni na shigar masa. Ni kuwa ko gezau, don na san abin da na taka. Na ce masa, "Malam, kada mu ja magana, akwai kyamara." Na miƙa hannu zan cire ta, wallahi sai da na sake ta don zafi. Fuskarta baƙi ƙirin. Na danna, shiru. Na sa ta a bakin iskar AC ta ɗan huce, ta kawo, na buɗe bidiyon ƙarshe: ya tsaya tun muna cikin cunkoso, tun kafin mu hango shataletalen. Zafi ya yi mata yawa ta kashe kanta, in ma ta yi ƙara to ban ji ba. Mutane sun taru, mutumin ya harɗe hannu yana cewa, "To nuna mana mana, ranka ya daɗe." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ƙarshenta kowa ya ja motarsa ya je ya gyara da kuɗinsa, ni da aka zalunta har da ba da haƙuri.

Daga baya na gane ba tawa ce kaɗai mai wannan hali ba, ƙirar ce haka. Sarrafa hoton 4K yana haifar da zafi sosai, jikinta kuma a toshe yake ruf don kada ruwa ya shiga. An yi ta ne da tunanin iska za ta riƙa kaɗa ta a kan babur ko ruwa ya sanyaya ta. A bayan gilashi babu iska, ga rana, ga caji yana ƙara dumama batirin, batirin litiyom kuwa ba ya son caji in zafi ya wuce digiri 45. Nawa har ya fara kumbura, da ƙyar murfin ke buɗewa. Wasu sun ce in cire batirin in bar ta a kan waya kawai, in kuma sauko zuwa 1080p. Na gwada, zafin ya ragu. Amma da ka kashe mota wuta ta yanke mata a tsakiyar ɗauka, wani lokaci guntun bidiyon ƙarshe ya ƙi buɗewa. Kuma in dai 1080p zan koma, ina amfanin baɗi ba rai?

Na je na sayi dashkam ta gaskiya, ba mai tsada ba. Abin da ya fara burge ni shi ne mantawa da nake yi da ita. Ka murza makulli ta tashi, ka kashe ta rufe. Babu batiri a cikinta, kafasita ce mai riƙe wutar 'yan daƙiƙu, iya wadda za ta isa ta adana guntun ƙarshe, kuma zafin mota bai dame ta kamar batiri ba. Tana yanka bidiyo minti uku-uku, in kati ya cika ta goge mafi tsufa ta ci gaba. In aka bugi mota, na'urar jin girgiza ta kulle wannan guntun kada a goge shi. A ƙasan hoton ga kwanan wata, ga lokaci, ga gudun da kake yi daga GPS, abin da kamfanin inshora zai so gani ke nan, waccan kuwa ba ta buga ko ɗaya a jikin hoto.

Ba wai ta gama mini komai ba fa. Ranar farko da na buɗe bidiyonta sai da gabana ya faɗi: launi a koɗe, lamba ba ta karantuwa sai motar ta matso kusa. Wanda ya saba da 4K zai ji an cuce shi. Na'urar girgizar ma da farko ko tudun rage gudu na taka sai ta kulle guntu, har katin ya cika da tarkace, sai da na rage mata ji. Manhajar wayarta kuwa kada ma a yi maganarta. Kati ma sai da na sake, na sa irin mai jure yawan rubutu, don na yau da kullum ba ya daɗewa a wannan aiki.

Da dare ne ta rama. Waccan mai 4K, da duhu ya yi sai hoton ya cika da ƙura-ƙura, fitilar motata ta haske lambar gaba ta koma fari fat. Wannan tana daidaita haske da duhu, ana ganin lambar motar da nake bi. Ta motar da ke tahowa da gudu dai, duk cikinsu babu mai kama ta da dare.

Har yanzu in zan yi doguwar tafiya mai kyan kallo nakan ɗora mai 4K a gefe, don ta nan babu mai ja da ita. A matsayin mai tsaron mota kuwa, da na so in ba ta tauraro uku saboda hoton rana. Amma ina rubutun nan na tuna kuɗin fitila da fenti, da yadda mutumin nan ya tafi yana dariya. Biyu ma na yi mata alfarma.