Iska ko ruwa: wanne za ka ɗora wa katin girafik ɗinka GTX 1080 don sanyaya shi?

Ɗan'uwa, ka ce GTX 1080 ɗinka mai fanka ɗaya, irin wanda Nvidia ta fitar a 2016, yana kai digiri 83 kana fara wasa, ƙara ta cika ɗaki, gudunsa kuma ya ragu. Kana tambaya ko ka saka Arctic Accelero Xtreme mai fanka uku, ko NZXT Kraken G12 da sanyin ruwa.

Wannan 83 ɗin ba lalacewa ba ce, iyakar da aka gina katin a kai ce: da ya kai nan sai ya rage gudu da kansa. Kuma kafin ka kashe ko sisi, buɗe shi ka duba man isar da zafi da ke tsakanin cif, wato ƙwaƙwalwar katin, da ƙarfen da ke shanye zafinsa. Katin da ya kai waɗannan shekarun, musamman idan na hannu ne, za ka tarar man ya bushe ya tsattsage, ƙurar hunturu kuma ta toshe tsakanin ƙarafan. Goge tsohon man da sifirit, ka shafa sabo irin MX-4, ka hure ƙurar. Sau da yawa magana ta ƙare a nan.

Idan ba ta ƙare ba, to ga bambancin. G12 ba mai sanyaya ba ne, maƙali ne kawai. Sai ka sayi famfo da lagireto daban, irin ƙirar kamfanin Asetek mai zagayayyen kai. A kan cif ɗin kansa ruwa ya fi iska, babu gardama. Matsalar ita ce wat 180 da katin nan ke ci ba a cif kaɗai yake zama zafi ba. Akwai memori da ke kewaye da shi, akwai sashen rarraba wuta a gefe, dukansu tsohon ƙarfen ne ke shanye musu zafi. Ka cire shi ka ɗora G12, sun koma tsirara, sai ƙaramar fanka mai milimita 92 da ke hura musu iska. Allo zai nuna maka lamba mai daɗin gani alhali ɓangaren da ba ka gani yana dahuwa. A zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, inda ɗaki kansa ke haura digiri 35, wannan ba abin wasa ba ne. Dole ka manna musu ƙananan ƙarafan shan zafi. Sannan famfo yana mutuwa, kuma ranar da ya tsaya, cikin ɗan lokaci katin zai kashe kansa.

Accelero kuwa fankokinsa uku suna hura iska a kan katin gaba ɗaya, ba ya da ƙara sosai, kuma idan fanka ɗaya ta mutu sauran za su riƙe ka. Aibinsa girma da nauyi: yana cin gurbin kati wajen uku, tsawonsa ya kusa santimita 30, kuma zafin a cikin akwatin kwamfutar yake zubar da shi, ba waje ba kamar yadda tsohuwar fankarka ke yi. Auna akwatinka da tef tukuna, ka tabbatar akwai fanka mai fitar da iska ta baya.

Ni dai iska zan zaɓa maka. Ruwa sai ga wanda dama yana da lagireto a ajiye.

Wajen ɗaurawa, cif ɗin katin girafik ba shi da murfi irin na furosesa, silikon ne a fili, mai fashewa kamar gilashi. Ɗaure sukurori huɗun nan kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta, kada ka matse ɗaya har ƙarshe. Katifun robar isar da zafi da ke kan memori kuma, idan za ka sauya su, nemi kaurin da ya yi daidai da na asali. Ƙarin rabin milimita ya isa ya ɗaga ƙarfen daga kan cif, zafi ya fi na da.