Zuwa Kusko: Inda Za Ka Kwana, Tikitin Da Za Ka Saya, Hanyar Da Za Ka Bi

Kusko, tsohon babban birnin daular Inka a ƙasar Peru, yana bisa tsaunukan Andes a tsayin kusan mita 3,400 daga matakin teku. Wannan tsayi shi ya kamata ya tsara maka tafiyar tun kafin ka duba farashin otal. Jirgin sama daga Lima, wadda ke bakin teku, ba ya kai awa ɗaya da rabi, don haka jiki ba ya samun damar sabawa da ƙarancin iskar shaƙa. Sai ciwon kai, jiri, rashin barci da haki ko da matakala goma ka hau. Motar bas kuwa tana cin fiye da awa 20 a hanya mai kwana-kwana. Ta fi arha, amma da gajiya za ka isa.

Shi ya sa zaɓin farko shi ne inda za ka kwana daren farko. Wanda ya sauka a tsakiyar gari, kusa da dandalin Plaza de Armas, komai na kusa da shi, sai dai yana kwana a tsayin da ya fi wahalar da baƙo. Unguwar San Blas tana da kyau, amma hawa ce mai tsauri, kuma wasu lungunanta mota ba ta shiga, sai ka ɗauki akwatinka a kai. Dabarar da ta fi ita ce daga filin jirgi ka wuce kwarin Urubamba, ko garin Ollantaytambo da ke wajen mita 2,800, tafiyar awa biyu a mota. Ka yi kwana biyu a can, ka ga Machu Picchu, kufan tsohon garin Inka (mita 2,430), sannan ka dawo Kusko jiki ya saba. Ana ba baƙi shayin ganyen koka a otal-otal. A can halas ne a doka, amma kada ka kuskura ka sa ganyen a jaka ka fito da shi daga ƙasar.

Batun tikiti ne yake rikita mutane. Akwai tikitin haɗaka da ake kira Boleto Turístico. Cikakkensa sol 130 ne ga baƙo (sol shi ne kuɗin Peru), yana aiki kwana 10 a wuraren tarihi da al'adu 16, ciki har da Sacsayhuamán, Pisac, Ollantaytambo, Chinchero da Moray. Ɗan guntunsa sol 70 ne, na rukunin wurare ɗaya kawai, kwana ɗaya ko biyu. Duk wanda zai ga kufayen da ke saman gari da kuma na kwari, guntu biyu sun fi cikakken tsada, lissafin a fili yake. Abin da tikitin bai ɗauke maka ba shi ne babbar majami'ar dandali da kuma Qorikancha, kowanne da kuɗin shigarsa. Qorikancha kam ba wurin tsallakewa ba ne: ɗakin bautar rana ne na Inka, Sifaniyawa da suka shigo garin a 1533 suka ɗora majami'ar Santo Domingo a kansa. Girgizar ƙasa ta 1950 ta lalata ginin Sifaniyawan, bangon Inka na ƙasa ya tsaya cak, duwatsunsa a manne ba laka ba siminti, ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu.

Machu Picchu tikitinsa daban ne, yana ɗauke da sunanka, lambar fasfo, lokacin shiga da hanyar da za ka bi a ciki. Shi za ka fara saya, sannan na jirgin ƙasa. Masu juya wannan tsari su ne ake samu riƙe da tikitin jirgi alhali gurbin shiga ya ƙare. Kamfanoni biyu ke da jiragen, PeruRail da Inca Rail, daga Ollantaytambo zuwa Aguas Calientes, garin da ke gindin Machu Picchu, kamar awa ɗaya da rabi. Bambancinsu bai taka kara ya karya ba, ka duba lokacin tashi kawai, kuma ƙaramar jaka suke bari a shiga da ita. Mai ƙaramin aljihu yana iya hawa mota daga Kusko zuwa tashar Hidroeléctrica, awa shida zuwa bakwai, ya taka kusan kilomita 10 a gefen layin dogo har Aguas Calientes. Da damina zaftarewar ƙasa kan toshe wannan hanya. Mai ƙarfin ƙafa kuma akwai tsohuwar hanyar Inka ta kwana huɗu zuwa Machu Picchu, wadda ke haye mita 4,200. Mutum 500 ake bari a rana har da 'yan dako, dole sai ta hannun kamfani mai lasisi, gurabe na ƙarewa watanni kafin lokaci, kuma ana rufe ta duk watan Fabrairu.

Rani a can daga Mayu ne zuwa Satumba: rana mai ƙuna fata, dare mai sanyin da kan kusa daskarar da ruwa, don haka ka tambayi otal ko akwai na'urar ɗumama ɗaki, yawancin masu arha bargo kawai suke ƙarawa. Ranar 24 ga Yuni ake bikin Inti Raymi, bikin rana na Inka, gari ya cika maƙil, kuɗin ɗaki ya yi sama. Afrilu da Oktoba sun fi sauƙin cunkoso, sai dai ka riƙe rigar ruwa.