Rinin DPH: abin da na gani bayan wata shida ina aiki da shi a Bauchi

Wata shida ke nan ina amfani da rinin DPH, wani sinadari mai ƙyalli idan an haska shi, wajen auna motsin maiƙo a cikin fatar jajayen ƙwayoyin jini, a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke Bauchi. Gari ne da ya zo mana a ƙaramar kwalba mai duhu, domin haske yana lalata shi, kuma sai an fara narkar da shi a sinadarin THF ko DMSO kafin a zuba shi cikin samfuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne kusan ba ya ƙyalli a cikin ruwa, amma da zarar ya kutsa tsakiyar fatar, aka haska shi da haske mai tsawon zango kimanin nanomita 360, sai ya mayar da shuɗin haske a wajen nanomita 430. Ana tace hasken da ake haska rinin da shi ya bi fuska ɗaya, sannan na'urar awo ta ba da adadin da ke nuna yadda hasken da rinin ya mayar ya riƙe wannan fuskar. Idan fatar ta yi tauri, rinin ba ya samun sukunin juyawa kafin ya saki nasa hasken, saboda haka na'urar takan nuna adadi babba wanda ba ya wuce 0.4, idan kuwa ta yi laushi, adadin yakan sauka.

Na fara gwada shi a kan DPPC, wani maiƙo da ake gwaji da shi, wanda yake yin laushi a zafin digiri 41 na ma'aunin Celsius, kuma adadin ya faɗi daidai wurin da ake tsammani. Wannan gwajin ne ya koya mini hattara, domin a watan Afrilu, idan aka ɗauke wuta na'urar daidaita zafi ta tsaya, zafin ɗakin kaɗai ya isa ya ɓata awon yini guda. Mun kuma sha wuya da sinadarin himogulobin, mai sa jini ja, wanda yake shanye haske kusa da inda rinin yake ƙyalli, sai da muka riƙa fasa ƙwayoyin muna wanke fatun har su yi fari.

Inda nake da ƙorafi shi ne adadin da yake bayarwa matsakaici ne na dukan fatar, kuma ya fi nuna matsewar maiƙo a kan saurin tafiyarsa daga wuri zuwa wuri. Mai son sanin abin da ke faruwa a saman fatar gara ya haɗa da TMA-DPH, wani rini dangin DPH, a cikin odarsa, tunda shi a bakin fatar yake tsayawa.