TheyWorkForYou: Ma'aunin ƙuri'un Jeremy Corbyn a majalisar Birtaniya

Shafin TheyWorkForYou, wanda aka buɗe a shekarar 2004 kuma ƙungiyar mySociety ke kula da shi, yana tattaro jawabai da ƙuri'un 'yan majalisar dokokin Birtaniya daga kundin zaman majalisa da ake kira Hansard, ya jera su yadda kowa zai iya dubawa ba tare da biyan ko sisi ba. Na auna ingancinsa da tarihin Jeremy Corbyn, ɗan ra'ayin gurguzu da ke wakiltar Islington ta Arewa a birnin Landan tun 1983, wanda ya shugabanci jam'iyyar Labour daga 2015 zuwa 2020.

A kan mutum irin Corbyn, shafin yana aikinsa sosai, domin aƙidarsa ba ta cika sauyawa ba. Mai bincike zai ga ya ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi a Maris ɗin 2003, duk da cewa Tony Blair na jam'iyyarsa ne ke firaminista, ya ƙi kai hare-hare ta sama a Siriya a Disambar 2015, sannan a Yulin 2016 ya kaɗa ƙuri'ar ƙin sabunta makaman nukiliya na Trident, alhali akasarin 'yan majalisar da yake jagoranta sun goyi baya. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya tashi daga ƙuri'a a koma ga muhawarar da aka tafka kafin ta, a karanta hujjar mutum da kalmominsa, maimakon dogaro da abin da masoya ko maƙiya ke yaɗawa.

Rauninsa yana wajen taƙaitawa, kuma ba ƙaramin rauni ba ne. Majalisar wakilan Birtaniya ba ta da hanyar rubuta cewa ɗan majalisa ya ƙaurace wa ƙuri'a da gangan, saboda haka wanda ya janye don nuna matsayi da wanda rashin lafiya ta hana zuwa duk sukan fito iri ɗaya a lissafi. Ƙudirin rage tallafin marasa galihu na Yulin 2015 ya nuna illar hakan: shugabar riƙo, Harriet Harman, ta umarci 'yan Labour su ƙaurace, amma mutum 48, har da Corbyn, suka bijire suka ƙi ƙudirin. Wanda bai san da wancan umarni ba zai ga ƙuri'ar "a'a" kawai, ba zai gane cewa tawaye ne da ya ƙara wa Corbyn farin jini a takarar shugabancin jam'iyyar da ya lashe a Satumbar 2015 ba.

Akasarin abin da ke shafin da Turanci yake, kuma harshen majalisar na da nauyi. Duk da haka ina ba 'yan jarida da ɗaliban kimiyyar siyasa shawarar amfani da shi, da sharaɗin su buɗe cikakkiyar muhawarar kafin su yanke wa kowane ɗan majalisa hukunci.