Lasifika mai baki ɗaya da abin da za a ɗora ta a kai: wace ce ta dace da ɗaki a Sakkwato?

Yawancin akwatunan sauti da ake sayarwa a kasuwa suna da sifika biyu ko uku, babbar tana fitar da amo mai kauri, ƙaramar tana fitar da mai kaifi, a tsakaninsu kuma akwai 'yar na'urar da ke raba musu aiki. Matsalar ita ce rabon yakan faɗo tsakanin hatz 2,000 da 3,000 (hatz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti), daidai inda kunnen mutum ya fi ji, kuma inda muryar mai karatu ko mawaƙi take da armashi. Lasifika mai baki ɗaya ba ta da wannan na'ura. Sifika guda ce ke ɗaukar sautin gaba ɗaya, shi ya sa murya da kotso da gurmi suke fitowa daga wuri ɗaya kamar mai su yana zaune a gabanka. Aibinta shi ne ba ta kai wa ƙasan amo sosai, don haka wanda yake son kiɗan da ke kaɗa taga gara ya nemi wani abu dabam.

A cikin masu ƙera irin wannan, ni Fostex ta Japan na fi so, musamman jerin FE. Fatar bakinta takarda ce marar nauyi da aka haɗa da zaren ayaba, gefenta kuma ƙyalle ne, ba soso ba, kuma duk wanda ya ga yadda zafin watan Afrilu, da yakan haura digiri 40 a garin nan, yake mayar da gefen soso gari, ya san darajar wannan. FE206En mai inci 8 tana ba da kimanin desibel 96 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) da wat ɗaya tak. Tun da ƙarin desibel 3 yana cin ninkin wuta, sifika mai desibel 87 sai ta sha wuta sau takwas kafin ta kamo ta, abin da ke da muhimmanci ga mai dogaro da sola da inbata. Amfilifaya mai wat 8, irin mai aiki da kwalbar ƙara sauti da ake kira 300B, ta ishe ta cika falo. Sharaɗin sifikar ɗaya ne: tana son akwati mai lanƙwasasshiyar hanya a ciki wadda ke faɗaɗa kamar ƙaho, domin ta nan kaurin amo yake fitowa. Kamfanin yana wallafa zanen akwatunan, kuma kafinta mai haƙuri zai iya yi da filawud mai kauri, muddin bai "gyara" awon da idonsa ba. Ga ƙaramin ɗaki FE126En ta wadatar.

Lowther ta Ingila tana da tarihi da suna, amma tsadarta da gefenta na soso sun sa ba ta dace da mu ba. Markaudio tana da laushin sauti, sai dai tana cin wuta.

Inda nake so a buɗe ido shi ne jabu, domin an taɓa cuta ta. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini sifika biyu a kwali mai kyau, yana cewa, "Malam, wannan daga waje ta zo, ko buɗe ta ba a yi ba." Bayan mako uku ɗan mazurarin takarda da ke tsakiyarta ya ɓamɓare, na ga gam ne aka liƙa a kan sifikar mota. Da na ƙwanƙwasa bayanta sai na ji kwanko: murfin roba ne babba, maganaɗisun da ke ciki bai fi marfin kwalba ba. Tun daga ranar ba na biya sai na ɗaga sifika na ji nauyinta, na kwatanta lambar da ke jikinta da hoton da ke shafin kamfani, na auna ta da mitar masu gyaran lantarki, domin mai om 8 (ma'aunin turjiyarta ga wuta) takan nuna ƙasa da haka kaɗan, kuma biyun su zo kusan daidai. Ina kuma danna fatar a hankali da yatsu, idan na ji tana gurza to koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke bayan fatar, ya karkace. Hoton WhatsApp ba hujja ba ne, kwali ma ba hujja ba ne, kuma farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kamfani shi kansa shaida ne. A nemi jin muryar mutum da ita, ba kiɗa mai ƙarfi da mai shago zai saka don ya rufe aibi ba.

Sai batun girgiza. Akwati yana jijjiga, jijjigar ta bi teburi ko ƙasa ta koma cikin amfilifaya mai kwalba ko garmaho, sauti ya dagule. A ɗora hannu a kan teburi lokacin da kiɗa ke tashi, za a ji. Ƙafafu masu tsini an yi su ne don su huda kafet su kama ƙasa. Ba sa hana girgiza wucewa, a kan tayil kuwa sai dai su karce shi. Abin da na zaɓa shi ne roba mai laushi irin Sorbothane, da sharaɗin a saye ta gwargwadon nauyin akwatin, ta yadda za ta ɗan lotsa amma ba ta baje ba, domin wadda ta baje ta daina aiki. Ƙafafun IsoAcoustics na Kanada suna aiki, kuɗinsu ne kawai ya yi yawa. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya sa tib ɗin keke mai iska kaɗan a ƙarƙashin faifan dutse ya ɗora amfilifaya, ya riƙa duba iskar lokaci zuwa lokaci. A nan ma akwai cuta: ana sayar da ƙafafun ƙarfe da aka shafa wa ruwan tagulla a kan farashin tagulla. A tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu. Idan ya manne, ƙarfe ne.