Gargaɗi: a yi hattara da batirin fitilar sola mai lambar "9900mAh"

Masu fitilun sola na tsakar gida da na lambu, ku lura da masu tallan batirin canji da lambobi masu cika ido. Dabarar ba ta da wuya: a samo tsohon batiri, sau da yawa wanda aka ciro daga mataccen batirin laftof, a sake masa riga, a buga masa 9900mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke iya riƙewa), a ce zai kwana yana haske.

Irin wannan batirin, wato lithium mai lamba 18650, na ƙwarai bai cika wuce 3500mAh ba, nauyinsa kuma wajen giram 45 ne zuwa 48. Na jabu in ka ɗora shi a sikeli sai ka ga giram 30 ko ƙasa da haka, wani ma ɗan ƙaramin batiri ne aka cusa cikin gwangwanin aka cike da yashi. Duba kansa da gindinsa: in akwai tabon walda, an taɓa haɗa shi a wata na'ura. Mitar auna volt ba za ta tona asirinsa ba, don gajiyayyen batiri ma yakan nuna cikakken volt, sai an kunna fitila ya zube cikin awa guda.

Dabarar da ta fi ɓarna ita ce ta ƙananan fitilu. Yawancinsu AA ko AAA suke ɗauka, nau'in da ake caji mai suna NiMH, mai volt 1.2. Akwai batirin lithium mai lamba 14500, girmansu ɗaya da AA, amma volt 3.7 gare shi. Mai sayarwa zai ce maka ai ya fi ƙarfi. Ya shiga ramin daidai, ya ƙone kayan wutar cikin fitilar. Wasu kuma batirin da ba a cajinsa suke sakewa riga, rana ta yi ta tura masa wuta har ya tsiyaye ya cinye ƙarafunan ciki.

Kafin ka saya, kwance murfin, ka ciro tsohon ka karanta nau'insa da volt ɗinsa, ka nemi irinsa sak. In 600mAh ne, ka tsaya tsakanin 600 da 1000, don ɗan farantin da ke saman fitilar ba zai iya cika babban batiri a yini ɗaya ba. Goge ƙarafunan in sun yi tsatsa, sa sabon, ka kashe makunnin ya sha rana kwana biyu, sannan ka kunna makunnin, ka rufe farantin da tafin hannu ka ga ko fitilar za ta kama.